Saje

Shekara goma sha tara ana kirana Saje.
Yanzu saje nake gyarawa
a Domayo, cikin Marwa, gindin darbejiya,
shago na uku in ka wuce mai faci.

Mu bakwai aka kawo wa Baffa Hamajoda,
kowa da takardar sallama a aljihu:
Zira da ƙafar roba, ni da yatsu takwas,
Abakura da ba ya zama ya ba ƙofa baya.
Tsohon ya dube mu kamar mai zaɓen kankana,
ya hura balan-balan bakwai, ya shafe su da kumfa,
ya ce, ga kawunan, ku aske.

Nawa ya fara fashewa.
Kafin ƙarar ta mutu duk muna ƙasan benci,
hannuna na lalubar abin da na mayar bariki tun bara.
Baffa bai yi dariya ba.
Ya jira muka kaɗe gwiwoyi,
ya hura wani.

Wata huɗu.
Na koyi tafiyar aska bisa kwancin gashi,
na koyi zuba wa kilifa mai, ɗigo biyu, kada uku,
na koyi cewa "ɗan karkato" maimakon tsawa.
Ya ce, can an koya muku hango mutum daga nesa,
nan shi zai kawo muku wuyansa da ƙafarsa,
ya rufe ido,
wani ma har ya yi gyangyaɗi.
Ku san abin da aka ba ku ajiya.

Wata Laraba aka ɗauke wuta,
kilifa ta shaƙe a tsakiyar kan wani baƙo,
matashi ne, siriri, mai ƙarancin magana.
Na ɗauko aska, na karkata kansa ga hasken ƙofa,
sai ga tabo bayan kunne, dogo, mai ɗinkin daji.
Na san irin ɗinkin.
Ba asibitinmu ke yin sa ba.

Na ce, daga ina?
Ya ce, wajen Kolofata.
Wace shekara ka fito?
Ya faɗa.
Shekarar da muka bar Dairu a bakin rafi,
da rabin goro a kumatunsa.

Ta madubi ya ga hoton da ke bango,
ni da hula, da igiya uku a kafaɗa.
Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka.
Bai tashi ba.
Ya ce, ina ɗan sha uku suka kwashe mu daga gonar albasa.
Sannan ya ɗaga haɓa,
ya rufe ido.

An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.
Ba a faɗi wa yake yi wa zafin ba.

Kumfa na bushewa.
Can waje mai kunu na kiran ciniki,
wani babur ya yi tari ya wuce.
Yatsuna biyun da babu su suka hau ƙaiƙayi.
Na ji jijiyar wuyansa tana bugun babban yatsana,
ƙanƙanuwa, mai sauri,
kamar ɗan tsako a tafin hannu.

Na sake jiƙa kumfar.
Na bi kwancin gashi, yadda aka koya mini,
daga kunne zuwa haɓa, daga haɓa zuwa kunne.
Ko ƙwarzane babu.

Dala sittin, na ce.
Ya ƙirga sau biyu, hannunsa ya fi nawa rawa.
A bakin ƙofa ya waiwayo: ranar Laraba kana buɗewa?

Da yamma na share gashin ranar,
baƙi da furfura, na kowa da kowa, tsibi guda,
ba a gane na wane daga na wane.
Na wanke aska, na goge, na ninke ta.
Zira ya leƙo yana neman aron sabulu,
ya ce, Saje, yaya kasuwa?
Na ce, kai shida.
Duka sun koma gida.